An kawo mini aikin naɗar murya don tsorata masu zaɓe, in karɓa ko in bari?

Mai_Murya:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Sana'ata naɗar murya ce, tallan rediyo da makamantansu, shekara shida ke nan. Shekaranjiya wani daga cikin masu yi wa wani ɗan takara kamfe ya kawo mini rubutu guda huɗu, kowanne bai wuce minti ɗaya ba, za a riƙa turawa ta WhatsApp idan ya rage sati uku zaɓe. Da bakinsa ya ce ba don jawo sababbin mutane ba ne, na "mutanenmu" ne, waɗanda ko ana ha-maza ha-mata nasu za su zaɓa, amma ana gudun kada su yi zamansu a gida. Babu alƙawari ko ɗaya a ciki. Duk "in suka hau kun shiga uku", "za su kore ku daga aiki", "'ya'yanku ba su da makoma". Na huɗun ma cewa aka yi in yi shi da muryar mai shirin kuka. Abin da ya ɗaure mini kai, ɗan takarar nan shi nake so tun farko, kuma biyu daga cikin maganganun akwai ƙamshin gaskiya. Amma duk mai jin rediyo ya san muryata. Rabin kuɗi yanzu, rabi bayan zaɓe. Jibi suke jiran amsa.

Sarkin_Zafi:
Karɓi abinka ɗan'uwa. In ba ka yi ba wani zai yi kafin magariba.

Dan_Barkwanci:
Ka turo mini su kawai. Ni muryata ko ba rubutu tsorata yara take, matata shaida ce.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, abin ya girme mu duka. A Amurka, ranar 7 ga Satumba 1964, masu kamfen ɗin shugaban ƙasar na lokacin, Lyndon Johnson, suka saka wani talla a talabijin: ƙaramar yarinya tana tsinkar fure tana ƙirgawa, sai muryar namiji ta karɓe ƙirgen, sai bam ɗin nukiliya ya tashi. Sau ɗaya tak suka biya aka saka shi, ko sunan abokin takararsa Barry Goldwater ba a ambata ba, amma kowa ya gane da wa ake. Johnson ya cinye jihohi 44 cikin 50. Dalilin da suke son tsoro shi ne magoyin bayan da ka riga ka mallaka ba hujja yake buƙata ba, abin da zai tashe shi daga kan gado ya tsaya a layi yake buƙata. Mutum ya fi jin zafin a ƙwace abin da ke hannunsa fiye da daɗin a ƙara masa wani.

Barista_B:
Malam, da girmamawa, Johnson yana kan gaba nesa ba kusa ba tun kafin tallan. Kuma ka manta ƙuri'ar raba gardama ta Birtaniya a 2016. Firaministan lokacin, David Cameron, da mutanensa sun yi ta gargaɗin cewa tattalin arziki zai durƙushe in aka fice daga Tarayyar Turai, har abokan hamayya suka laƙaba wa kamfen ɗin sunan aikin tsoratarwa. Duk da haka kashi 52 suka ce a fita.

Malam_Tarihi:
Ai ɗaya ɓangaren ma da tsoro ya ci, Barista. Ka manta ƙaton hoton da Nigel Farage, ɗaya daga cikin jagororin masu neman ficewa, ya tsaya a gabansa, dogon layin 'yan gudun hijira? Tsoro biyu ne suka kara, wanda ya fi shiga jini ya yi nasara.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri da Amurka da Birtaniyarku, ni a ɗakin mahaifiyata na ga abin. Zaɓen da ya wuce aka turo mata irin wannan saƙon, muryar namiji mai natsuwa, kamar ta mai karanta labarai, shi ya sa ma ta yarda. Wai 'yan ɗaya ɓangaren sun rubuta sunayen gidaje, suna jiran a faɗi sakamako. Mama ta haura saba'in, ba ta iya karatu sosai ba, amma murya tana ji. Ta saurare shi ya fi sau ashirin. Na shigo da dare na tarar ta zuba kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa, takardun gida a ƙarƙashin matashi, wayar a manne da kunne. Barci ya ƙaurace mata, jininta ya hau, sai da muka kwana biyu a asibiti.

Wannan duk da sauƙi. Maƙwabciyarta, shekara ashirin da wani abu suna tare, ita ta riƙe ni ranar da na haifi 'yan biyuna, ɗanta yana manna hotunan wancan ɗan takarar. Mama ta daina amsa sallamarta. Matar ta zo har asibiti, Mama ta juya fuska bango. Aka yi zaɓe, aka faɗi sakamako, ko kaza ba a taɓa ba a layinmu. Wata biyu bayan nan na ga 'yan takarar biyu a hoto ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Ita kuwa maƙwabciyar Allah Ya yi mata rasuwa kafin shekara ta zagayo, ba su shirya ba. Har gobe in Mama ta ji murya mai kama da waccan a rediyo sai ta ce a kashe. Ban san mai muryar ba, amma ban yafe masa ba.

Mai_Murya:
Allah Ya jiƙanta, Hajiya, Ya ba Mama lafiya. Amma nawa babu maganar kisa ko jerin gidaje, aiki ne da makaranta.

Uwar_Biyu:
Ɗana, na farko ne babu. Ka ga na biyar da za su kawo maka ana jibi zaɓe?

Barista_B:
Ka nemi labarin Kenya. Bayan zaɓen Disamba 2007 mutum sama da 1,000 suka mutu, kusan 600,000 suka bar gidajensu. Cikin waɗanda aka gurfanar a kotun duniya da ke Hague har da mai gabatar da shiri a rediyo, Joshua Sang. An dakatar da shari'ar a 2016, amma ya yi shekaru yana safa da marwa. Uhuru Kenyatta da William Ruto kuwa, manyan 'yan siyasar ƙasar da suke ɓangarori daban a 2007, tikiti ɗaya suka tsaya a 2013. In za ka yi, ka sa su rubuta maka yarjejeniya da sunan wanda ya ɗauki nauyin saƙon. In sun ƙi, ka san dalili.

Sarkin_Zafi:
Barista kai albashi kake ɗauka, Malam kuma daga littafi yake magana. Wanda ya taɓa yin kamfe shi ke da ta cewa. Ni na yi sau biyu. Abin da ake ba mai murya a aiki ɗaya ya kai albashin wata uku.

Tsohon_Soja_Baka:
Wata uku a ina? Ni na yi sau uku, na kwana ina tura saƙo rukuni-rukuni, tun da WhatsApp suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019 aikin ya koma na jaki. Abin da na samu kuɗin data da riga mai hoton mutum. Rigar ma ta koɗe a wanki biyu.

Sarkin_Zafi:
Kai mai turawa ne, shi mai murya ne. Ba layinku ɗaya ba.

Tsohon_Soja_Baka:
Layi ɗaya muke bi ranar karɓar cikon kuɗi. Mai_Murya, wannan "rabi bayan zaɓe" ka ɗauka ka yi sadaka da shi. In ya faɗi, wayarsa a kashe. In ya ci, wayarsa a hannun wani yaro mai cewa oga yana mitin. Ni har yau ina bin su, wanda ya ɗauke mu aikin ma ya sauya jam'iyya, yanzu mutanen da ya ce za su cinye mu ɗanye su yake wa kirari.

Dan_Barkwanci:
To ka naɗi murya ka tsorata shi mana, ko zai biya.

Anti_Malama:
Ni duk ba 'yan siyasar ne ke ƙona mini rai ba, wani kawuna ne. Rukunin danginmu an buɗe shi don zumunci, yanzu kullum da asuba saƙo bakwai, duk "ku saurara kafin a goge". Na ce Kawu wannan bidiyon na wata ƙasa ne, kuma tsoho ne. Ya cire ni. Ni da na buɗe rukunin na ba shi admin don girmamawa!

Uwar_Biyu:
Namu ma haka. Ta hanyar ƙanin Baba saƙon ya iso wayar Mama.

Mai_Murya:
Jama'a, maganar jibi fa? Ko in ce zan yi biyun da ke da gaskiya, da muryata ta kullum, in bar sauran?

Anti_Malama:
Wai akwai yadda ake karɓe admin daga hannun mutum in kai ma an riga an cire ka?