Darussa 26 nake so su riƙa juyawa kai tsaye dare da rana, wace hanya zan bi?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina da darussan lissafi da na ɗauka a bidiyo, guda 26, in an haɗa su sun kai awa tara. So nake su riƙa juyawa kai tsaye a tashata ta YouTube, na ƙarshe yana ƙarewa na farko ya ɗauka. Na gwada da OBS, manhajar watsi kai tsaye, a kwamfutata, ta yi kwana biyu fankarta na kuka kamar za ta tashi sama. A dare na uku ta kashe kanta ta sake kunnuwa, sai da asuba na tarar tashar shiru tun ƙarfe biyu. An ce akwai kwamfutocin haya a intanet da ake ɗora wa wannan wahala. Wanda ya taɓa yi ya taimaka don Allah.

Baban Ikram: Wa'alaikumussalam Malama. In ba kya son ciwon kai, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Castr da Gyre da OneStream Live. Ki ɗora bidiyon a shafinsu, ki ba su mabuɗin tasharki, ki zaɓi maimaitawa, ki rufe kwamfutarki ki kwanta. Biyan wata-wata ne. Abin da za ki duba kafin ki biya uku ne: yawan gigabait ɗin ajiya da suke bayarwa, ko tsarin da kika zaɓa ya ƙunshi watsi na awa 24 ko kuwa na 'yan awoyi ne, sannan tasha nawa suka yarda ki tura wa. A na biyun ake yawan faɗawa rami. Mutum ya ga an rubuta ana watsa bidiyon da aka riga aka ɗauka, ya biya, ashe na dare da rana yana wani tsarin da ya fi tsada.

Malama Hadiza: Mabuɗin nan fa, shi ne kalmar sirrin shiga asusuna?

Baban Ikram: A'a, kar ki kuskura ki ba kowa wannan. Mabuɗin watsi daban yake. In kin shiga YouTube Studio, ɗakin watsa kai tsaye, za ki ga adireshi da wasu haruffa da lambobi a ɓoye, su ne. Amma shi ma ki riƙe shi kamar makullin ɗaki, duk wanda ya same shi zai iya watsa abin da ya ga dama da sunanki. In ya taɓa fita, akwai wurin sauya shi a nan take.

Injiniya Sani: Shawarar Baban Ikram ta yi, amma bari in kawo ɗaya hanyar, ita nake bi shekara biyu ke nan. Ki ɗauki hayar ƙaramar saba, wato yankin wata babbar kwamfuta da ke zaune a cibiyar kamfani, ba a kashe ta. Ki zaɓi Ubuntu a kanta, wato tsarin da zai tafiyar da ita, ki sa FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo ce ta kyauta da Fabrice Bellard ya fara a 2000. Layi ɗaya ne ke yin aikin:

ffmpeg -re -stream_loop -1 -i darasi.mp4 -c copy -f flv rtmp://a.rtmp.youtube.com/live2/MABUDINKI

Ma'anarsa: -re na cewa a tura bidiyon da saurin da ake kallonsa, kar a kwarara shi gaba ɗaya. -stream_loop -1 na cewa a maimaita ba iyaka. Amma ruhin abin yana wurin -c copy. Shi ke hana sabar sake sarrafa hoton, ɗauka kawai take ta miƙa. Kukan da fankarki ke yi, Malama, saboda OBS yana sake dafa kowane hoto ne, talatin a daƙiƙa, awa 24, alhali bidiyon dafaffe ne tun ranar da kika ɗauka. In kin gyara shi sau ɗaya a gida yadda YouTube ke so, saba mafi ƙanƙanta ma za ta riƙe shi tana hamma.

Malama Hadiza: Injiniya, yaya yake so ɗin?

Injiniya Sani: Hoto a tsarin H.264, sauti a AAC, kilobit 128 ya isa. Sai abin da kowa ke mantawa: cikakken hoto duk daƙiƙa 2. Bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke, yana ajiye ɗaya ne sannan ya bi shi da bayanin abin da ya motsa. YouTube na son cikakken duk daƙiƙa 2, kar ya wuce 4. In kina fitar da hoto 30 a daƙiƙa, wajen gyaran ki sa -g 60. In ba haka ba za ki ga gargaɗi a ɗakin watsi, masu kallo kuma hoton ya riƙa tsaya musu. Darasin allo ne, ba ƙwallo ba, 720p ya wadatar. Kuma dukkan 26 ɗin su fito da girma ɗaya da gudu ɗaya, sannan ki ɗinke su su zama fayil guda. A lissafina ba zai wuce gigabait 12 da 'yan kai ba in kin tsaya a megabit 3 a daƙiƙa.

Ɗan'auta: Yaya Sani to me zai hana ta je wurin manyan kamfanonin hayar saba kawai? AWS ko Google Cloud ko Azure. Ai su ne iyayen abin.

Usman Edita: Ƙanena tsaya, a nan ni na sha kashi. Na taɓa ɗora tashar ƙarar ruwan sama a sabar wani babban kamfani, ba zan faɗi suna ba don laifina ne, ban karanta ba. Na duba kuɗin hayar injin na ga ba komai ba ne, na yi murna. Ƙarshen wata takardar biya ta zo, kuɗin datar da ta fita ya ninka na injin sau da yawa. Sai da na zauna da biro na gane. Megabit 3 a daƙiƙa, ka buga sau daƙiƙa 86,400 na yini, ka raba da 8, ya ba ka gigabait 32 da ɗoriya kullum. Kwana 30, gigabait 972. Kusan terabait ɗaya ke nan yana fita kowane wata ko mutum ɗaya ke kallo ko ba kowa. Manyan nan shigar da data kyauta ne, fitarwa ce ake auna maka da gigabait. AWS na yafe gigabait 100 na farko a wata, wanda a wannan lissafin kwana uku ne ya cinye. Irin su DigitalOcean da Hetzner kuwa suna haɗa wani kaso na datar fita a cikin kuɗin haya. Don haka Malama, layin farko da za ki karanta shi ne na datar fita, kafin ki dubi ƙarfin inji.

Ɗan'auta: Na ji a jikina. To Oracle fa? Suna da tsarin kyauta, har terabait 10 na fita a wata.

Injiniya Sani: Gaskiya ne, kuma don koyo ba laifi. Sai dai a ƙa'idarsu suna iya karɓe injin kyauta in sun ga yana zaman banza, namu kuma da -c copy kusan zaman banzan yake yi a idonsu. Ni dai ba zan ɗora tashar da ɗalibai suka dogara da ita a kan abin da ban biya ba. Ra'ayina ne.

Wani abu kuma: in kin kunna layin nan ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga kwamfutarki, kika rufe tagar, ya mutu. Masu gaggawa suna sa shi cikin tmux, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba ko an rufe tagar, amma in layin intanet ya tsinke FFmpeg ya fita, ba mai tayar da shi. Ki rubuta masa ɗan fayil na systemd, mai kula da manhajojin da ke aiki a sabar, ki sa Restart=always da RestartSec=5. Yana faɗuwa, bayan daƙiƙa biyar ya miƙe, ko sabar ce aka sake kunnawa shi zai tashi da kansa. Shi ne maigadin da ba ya gyangyaɗi.

Anti Zulai: Ku maza kun tsaya kan inji kun manta da mai gidan. Hadiza ƙanwata, YouTube na adana watsin da bai kai awa 12 ba, wanda ya zarce haka yana iya ɓacewa gaba ɗaya in ya ƙare. Wannan ya shafe ki in kina neman shiga tsarin samun kuɗin talla, mai buƙatar mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 a wata 12, domin watsin da bai koma bidiyon ajiya ba ba a ƙirga awanninsa. Shi ya sa wasu ke yanke nasu kafin awa 12 su buɗe sabo. Kuma suna da doka kan abu mai maimaita kansa, tana iya hana tasha kuɗin talla, ki karanta ta da idonki. Facebook iyakar watsi ɗaya a wurinsa awa 8, Twitch awa 48, kar wani ya ce miki duk ɗaya ne.

Sai kiɗa. In akwai ɗan kiɗan buɗewa a darussan da ba naki ba, cire shi yau. Na'urarsu na sauraron watsi kai tsaye, in ta kama za ta rufe hoton, in kin ci gaba ta yanke. Tashar kiɗa ta Lofi Girl ma, da girmanta, an tsayar da ita a Yulin 2022 kan ƙorafin haƙƙin mallaka na ƙarya, sai daga baya aka dawo da ita. Ina ga ke?

Malama Hadiza: Kai, Anti kin ceto ni. Akwai kiɗan daƙiƙa goma a farkon kowane darasi, daga intanet na ɗauko shi ban ma san na wane ne ba. Kuɗin talla ba shi ne a gabana ba yanzu, ɗalibai nake so su samu, don haka zan bar shi ya yi ta tafiya.

Baban Ikram: Ni har yanzu ina nan kan bakata. Wanda bai saba da baƙin allon nan na rubuta umarni ba, ranar da abu ya lalace shi kaɗai zai zauna da shi. Kuɗin da ake ba kamfanonin can, na kwanciyar hankali ne.

Malama Hadiza: Na gode Baban Ikram. Mai koyar da lissafi ce ni, kunya ba za ta bar ni in gudu daga layi ɗaya ba. Zan gwada ta Injiniya wata guda, in ta kayar da ni in dawo taka.

Malama Hadiza: Jama'a na dawo. Kwana biyar ke nan tana tafiya, kwamfutata a rufe cikin jaka. Matsala ɗaya: duk lokacin da aka zo darasi na 14, muryata tana riga bakina, kuma haka take zarcewa har na 26. In ya koma na farko sai ta daidaita.

Injiniya Sani: Na 14 da wace na'ura kika ɗauka?

Malama Hadiza: Da waya. Ranar batirin kyamarar ya mutu.

Injiniya Sani: To shi ne. Waya takan sauya yawan hotunanta a daƙiƙa gwargwadon haske, kuma wataƙila sautinta sau 48,000 take auna shi a daƙiƙa, sauran sau 44,100. Buɗe shi da ffprobe, manhajar duba bayanan fayil da ke zuwa tare da FFmpeg, ki gwada da na 13, za ki ga inda suka saɓa. Ki sake fitar da shi kaɗai da -r 30 da -ar daidai da na sauran, ki sake ɗinkewa, ki ɗora sabon da wani suna daban. Sai kin tabbatar ya hau gaba ɗaya sannan ki sauya sunan a fayil ɗin systemd, ki buga systemctl daemon-reload, ki sake tayar da shi. Ki yi da dare lokacin da masu kallo suka ragu.

Malama Hadiza: Na duba, 48,000 ne kuwa. Bari in fara yanzu, ɗora gigabait 12 ba wasa ba ne.