Barkwancin Nan Take: Gaskiya Ne Ko Haɗin Baki?

Na Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Masu shirya bikin fasaha a nan Katsina suna son ware minti 40 ga wani irin wasa: ɗan barkwanci ya tsaya shi kaɗai da makirufo, 'yan kallo su jefa masa kalma, shi kuma ya ƙulla raha a kanta nan take. Ni dai na ce babu wani nan take. Ko dai an haɗa baki da mai jefa kalmar, ko kuma ɗan wasan ya zo da hardarsa daga gida ya liƙa mata kalmar kawai.

Malama ta Sabon Layi: Wa'alaikumussalam, Yaya. Zargi biyu ka haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Haɗin baki tsari ke toshe shi. A raba 'yan takardu a bakin ƙofa, girman rabin tafin hannu, kamar 60 ga wurin da ya ɗauki mutum 200, tunda ba kowa ke rubutawa ba. Kalma ɗaya zuwa uku, kada a wuce. A zuba a ƙwarya, ƙwaryar ta zauna a kan dandamali idon kowa na kanta, a kira yaro daga cikin jama'a ya zaro. Hannun ɗan wasa ba ya shiga ƙwaryar.

Na Ƙofar Ƙaura: To wa zai tace takardun? Ai ta nan ɓarakar take. Mai tacewa ya karanta duka, ya zagaya baya ya raɗa wa ɗan wasa.

Mai sauti: Tacewa dole ce, Alhaji. In ba a tace ba, sai yaro ya zaro sunan wani mai unguwa ko batsa a gaban iyaye. Mutum biyu su zauna a teburin ƙofa, su cire abu uku: sunan mutum, abin da ya shafi addini, da batsa. Sharaɗin shi ne ba sa tashi daga teburin, wayoyinsu kuma suna hannun mai gabatarwa har a tashi.

Baba na Daura: Ku dakata, yara. Wannan rabon da kuke yi tsakanin harda da nan take, 'yan kama ba su san shi ba. Ɗan kama yana da jarinsa a ka: kwaikwayon wa'azi da ya juya shi ya koma kan tuwo da miya, da muryoyin da ya iya. Amma in ya shigo taro ya hangi mai ƙaton rawani ko wanda ke lasar yatsa, a nan zai ɗinka jarin a jikin mutumin. Haka 'yan gambara suke yi a kasuwa. Ko 'yan wasan Italiya na ƙarni na 16 da ƙashin labari kawai suke hawa dandamali, kowa da 'yan dabarun ban dariya da ya ajiye, sauran a wurin ake cikewa. Wanda ba shi da ajiya ba ya iya komai nan take.

Na Ƙofar Ƙaura: Allah ya ƙara girma, Baba, ai maganata ka ƙarfafa.

Malamin wasan kwaikwayo: Bai ƙarfafa ta ba, Alhaji. Ajiyar murya da salo daban, ajiyar jimloli daban. Kuma mai harda ba ya ɓuya. A ce takarda ta fito da "kura". Mai harda zai ce kura tana tuna masa da surukarsa, daga nan minti uku yana kan suruka, kurar ba ta sake fitowa ba. Gada ya yi da kalmar ya tsallaka zuwa abin da ya shirya. Ku ƙirga jimla nawa ya yi kafin ya saki kalmar. In biyu ce, harda ce.

Mai yi da gaske ga yadda yake tafiya. Ya maimaita kalmar da ƙarfi don na baya su ji, wannan kuma ya saya masa daƙiƙa uku ko huɗu na tunani. Sai ya ɗauki matsayi a kanta, tsoro ko haushi ko sha'awa, domin kalma tsura ba ta da dariya, ra'ayin mutum a kanta ke da ita. Sannan ya tsayar da wa ke magana, a ina, me yake so. Kuma rubutun hannu na Hausa kyauta ce babba a gare shi: mutane ba sa sa lanƙwasa, ba kuma alamar karin sauti. "Kura" ɗin nan ta daji ce, ko ta 'yan ga-ruwa, ko ƙurar hunturu? "Gari" na zama ne ko na tuwo? Sai ya tambayi wanda ya rubuta, amsar ta zama abin wasa. Ya ƙara wa lamarin zafi hawa uku, ya sauka a kan dariyar da ta fi ƙarfi. Minti biyu zuwa uku ga kowace takarda. In ya kai biyar, dariyar ta huce, sai ya koma bayani.

Malama ta Sabon Layi: Akwai ma shaidar da ta fi wannan. A ƙarshe gwani yakan dawo da takardun farko ya ɗaure su wuri ɗaya: mai kurar ruwa ya haɗu da tela ɗin da ya fito a takarda ta biyu a gidan bikin da ya fito a ta uku. Wannan ba a iya hardace shi, tunda jerin fitowarsu ƙuri'a ce. Kuma ba sabon abu ba ne. Gidan wasan Second City na Shikago yana karɓar shawarar 'yan kallo tun buɗe shi a 1959, ƙa'idarsu ita ce ka karɓi abin da aka ba ka ka ƙara a kai, ba ka musa ba. A bikin Edinbura na Sikotilan, wanda ya faro a 1947, duk watan Agusta ana irin wannan wasa.

Na Ƙofar Ƙaura: Can ai ihu suke yi da baki, ba takarda.

Mai sauti: A nan ihu zai ba ka matsala. Samarin layin gaba ne za su cika wurin da murya, mata ba za su ɗaga tasu ba, abin da zai fito kuma ba ya wuce tsadar fetur, 'yan siyasa da ƙarin aure. Ga shi in murya goma ta tashi tare, ɗan wasa zai ce ya ji wadda ta dace da hardarsa. Nan ne zarginka yake da ƙafa. In dole sai an tambayi jama'a, a matse tambayar: wace sana'a kakanka ya yi? Kuma mai yawo da makirufo kada ya tsaya gaban lasifika, ƙara za ta tashi ta cinye maganar. A bar ɗan haske a kan 'yan kallo don ɗan wasa ya ga fuskoki, a sa sabon batir kafin a fara, a tayar da janareto tun da wuri, a kuma fara bayan Isha'i don kada kiran salla ya raba wasan biyu.

Baba na Daura: Ku ƙara na huɗu a abin da za a tace: sunan ƙabila. Wasan Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzage, ko Bakatsine da Banufe, yana da mai shi, kamar na taubasai. Wanda ba abokin wasan ba in ya ɗauka a lasifika, zagi ne.

Na Ƙofar Ƙaura: Na ji, amma ban sauka ba. A gwada: ɗan wasa ɗaya, dare biyu a jere, ƙwarya daban, a naɗa duka biyun a waya a kwatanta. In abin dariya ɗaya ya maimaitu, na yi gaskiya.

Malamin wasan kwaikwayo: Murya da tafiya za su maimaitu, wannan ba laifi. Jimloli za a ƙirga. In cikin minti goma an samu minti biyu na jimla iri ɗaya, na ba ka.

Na Ƙofar Ƙaura: Minti ɗaya.

Malama ta Sabon Layi: Ku daidaita a kan wannan, Yaya. Amma a faɗa wa masu shiri minti 40 ya yi wa mutum ɗaya yawa. A sa mutum uku, kowa minti goma da takarda huɗu, sauran goman na mai gabatarwa ne da zaro takardu.