Kwana huɗu a arewacin Japan: wace fadar ce ta cancanci kuɗin jirgi?

Baƙon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum yana Tokyo, yana da kwana huɗu a watan Afrilu, yana son ganin tsofaffin fadoji da furen sakura (wato furen itacen cherry na Japan) a yankin Tohoku da ke arewacin ƙasar. Sendai zai nufa ko Hirosaki? Kuma wane mako ya fi?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam, Malam. In dai fada kake son gani da idonka, wuce Hirosaki a lardin Aomori. A Sendai, inda basarake Date Masamune ya yi mulki, abin da za ka tarar a kan tudun bai wuce katangar dutse da mutum-mutuminsa bisa doki ba. Fadar Tsuruga da ke birnin Aizu-Wakamatsu tana da kyau, ga jan rufi, amma da kankare aka sake gina ta a 1965.

Fadar Hirosaki kuwa gidan sarautar Tsugaru ne suka kammala ta a 1611. Hasumiyar farko mai hawa biyar tsawa ta faɗa mata a 1627 ta ƙone, sai a 1810 aka tayar da ta yanzu mai hawa uku. Hasumiyoyin asali 12 kaɗai suka rage a Japan, kuma ita ce tilo a duk Tohoku. Kada ka sa ran wani ƙaton gini, ƙarama ce. Abin kallon shi ne ƙofofin katako, da ramukan ruwa da suka zagaye ganuwar, da Dutsen Iwaki mai tsayin mita 1,625 yana leƙowa daga yamma da farin ƙanƙara a ka.

A 2015 an ɗaga hasumiyar ɗungurungum aka gusar da ita kimanin mita 70, saboda katangar dutsen da ke ƙarƙashinta ta kumbura. Aikin gyaran na shekaru ne, don haka duba shafin hukumar birnin ka ga ko ana shiga ciki kafin ka yanki tikiti.

Hajiyar Lambu:
Malam, maganar mako ta fi maganar gari muhimmanci. Furen daga kudu yake farawa ya hau arewa, kuma cikarsa ba ta wuce mako guda. Sendai na fure a farkon Afrilu zuwa tsakiyarsa, Hirosaki sai wajen ƙarshen wata. Wanda ya isa Hirosaki ranar 10 ga wata galibi rassa tsirara zai gani.

Itatuwan sakura kusan 2,600 ne a lambun fadar, har da wadda aka dasa tun 1882. Dalilin da furensu ya fi na wasu wurare kauri shi ne masu kula da su sun ari dabarar manoman tuffa na yankin: a datse tsohon reshe, a ba saiwa taki, sabon reshe ya fito da ƙarfi. In ka makara da kwana biyu ko uku ma ba ka yi asara ba, lokacin ne furen ke zuba ya rufe ruwan ramin waje kamar an shimfiɗa darduma. Ni a ganina wannan ya fi cikar furen kyau.

Ɗan Tasha:
Daga Tokyo hau jirgin ƙasa mai gudu (Shinkansen) mai suna Hayabusa zuwa Shin-Aomori, awa uku da 'yan mintuna. Ba a shigarsa sai da kujerar da aka kama, to kama taka da wuri. Daga nan jirgin layin Ou zai kai ka Hirosaki cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Daga tasha zuwa lambun tafiyar rabin awa ce a ƙafa, ko ka hau bas ka sauka a tashar bas ta Shiyakusho-mae.

Inda mutane ke shan wahala shi ne masauki. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutun ƙasa ne, otal-otal na cika tun watanni kafin nan. In Hirosaki ta cika, kwana a birnin Aomori ka yi sammako. Tafi da rigar sanyi, dare na da sanyi sosai.

Batun abinci, yawancin romon taliyarsu da naman alade ake yi, wasu miyoyin kuma ana zuba musu giyar girki, don haka ka riƙa tambaya. Gasasshen kifi da shinkafa da tuffa ba sa wuyar samu.

Mai Taswira:
In kwana ɗaya ya rage, biya Kakunodate a lardin Akita, unguwar gidajen samurai (tsofaffin mayaƙan Japan) ce mai sakura masu rassa a sunkuye. A dawowa daga Aomori sai ka sauka birnin Morioka ka canja zuwa jirgin Komachi, ya kai ka Kakunodate.