Tambaya: PhD ko EdD ga ma'aikacin rajistiri mai son kujerar rajistara?

Dan_Rajistiri:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin. Ni ma'aikaci ne a ɓangaren rajistiri na wata jami'ar tarayya a nan arewa, bana shekarata 11 a aiki, ina matakin SAR (Senior Assistant Registrar) kuma ina da masta. Gaskiya na gaji da yadda wasu malamai ke kallonmu kamar mu ba komai ba ne sai masu rubuta minit da ɗaukar fayil, shi ya sa nake son in ƙaro karatu. To wani abokina da ke Amurka ya ce min can akwai digirin dakta da aka tsara musamman don masu gudanar da jami'a, wai EdD, ya ce ya fi dacewa da irinmu a kan PhD. Shin meye bambancinsu, kuma in na yi ɗin zai taimaka min in an zo neman rajistara? Ku sani ina da iyali da yara huɗu, ba zan iya ajiye aiki in ɓace shekara biyar ba.

Malam_Boston:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni PhD na yi a fannin gudanar da jami'a a Amurka don haka bari in faɗa maka abin da na gani. Abokinka bai yi ƙarya ba amma bai gaya maka rabin labarin ba, rabin kuwa shi ne kuɗi.

PhD ana horar da kai ne ka zama mai bincike, ka shekara huɗu zuwa shida kana fama da ka'idoji da lissafin alƙaluma, a ƙarshe ka rubuta kundin da ake so ya ƙara wani sabon abu a ilimi, galibin waɗanda muka gama tare koyarwa suka tafi ko cibiyoyin bincike. EdD kuma na mai aiki ne, kana kujerarka kana karatu, yawanci shekara uku, kuma kundin da za ka rubuta a kan wata matsala ce ta wurin aikinka, misali me ya sa ɗalibai ke barin karatu a shekarar farko a makarantarku kuma me za a yi a kai. Ba sabon abu ba ne, Harvard ce ta fara shi tun wajen 1920, sai dai an daɗe ana yi masa gorin cewa ƙaramin PhD ne, har sai da a 2007 gidauniyar Carnegie ta haɗa jami'o'i suka zauna don su gyara masa fasali. Abin dariya ita Harvard ɗin da ta haife shi daga baya ta daina bayarwa ta koma PhD.

Yanzu maganar kuɗi. PhD mai kyau a Amurka sau da yawa su ke biyanka, za su yafe maka kuɗin makaranta su ba ka ɗan alawus kana taya farfesa bincike ko koyarwa, amma sai ka tare a can gaba ɗaya. EdD kuwa daga aljihunka ne ko aljihun ma'aikatarka. Jami'ar Pennsylvania tana da wani na shekara biyu na manyan masu gudanar da jami'a, ana haɗuwa 'yan kwanaki duk wata, kuɗinsa in ka juya shi zuwa naira sai ka nemi ruwa ka sha, ga jirgi duk wata daga Kano, ina! Wanda na ga ya fi kusa da irin halinka shi ne na jami'ar Bath a Ingila, DBA ne, wato digirin dakta na harkar gudanarwa, a kan gudanar da manyan makarantu, kana aikinka sai dai ka riƙa zuwa zama na 'yan kwanaki lokaci zuwa lokaci, amma shi ma fa fam ake biya ba naira ba.

Sannan wani abu, kwasakwasan Amurka a kan tsarinsu aka gina su, za ka sha karatun yadda ake roƙon tsofaffin ɗalibai su ba da gudummawa da dokokin bashin karatu da harkar wasannin jami'a, babu wanda zai koya maka yadda ake zama da ASUU da SSANU (ƙungiyar manyan ma'aikatan jami'a marasa koyarwa) a teburi ɗaya ko yadda ake tarbar 'yan NUC (hukumar kula da jami'o'i) in sun zo tantance kwasakwasai.

Hajiya_DR_mai_ritaya:
Ƙanena, ni na yi shekara 30 da ɗoriya a rajistiri, a mataimakiyar rajistara na yi ritaya, sau biyu ina shiga intabiyun kujerar ban samu ba, to ka ji daga bakin wadda ta sha ruwan.

Je ka nemo tallan neman rajistara na jami'o'i uku ko huɗu a jarida ka karanta da kyau. Abin da za ka gani shi ne digiri na farko mai kyau, masta, shekaru kaza a aikin jami'a, shekaru kaza a matakin DR (mataimakin rajistara), da zama ɗan ƙungiya irin su ANUPA (ta ma'aikatan gudanarwa na jami'o'i) ko NIM (ta ƙwararrun manajoji). Dakta in an ambace shi ma cewa ake yi ƙarin tagomashi ne. Kai kuma yanzu kana SAR, da sauran matakin PAR (Principal Assistant Registrar) a gabanka kafin DR, sai ka zauna a DR ɗin wasu shekaru kafin ma a karɓi takardarka, ka ga ashe lokaci kana da shi, abin da bai kamata ka yi ba shi ne ka tafi wata ƙasa shekara biyar sa'o'inka su wuce ka a ƙarin girma.

Kuma rajistara fa shi ne sakataren manyan majalisun jami'a, wato kansil da sanet da kongirigeshan, wannan rubuta minit ɗin da kake jin haushi ana yi muku gori da shi, wallahi shi ne makarantar. Ni abin da na koya ina sakatariyar kwamitin ladabtar da ma'aikata da kwamitin ɗauka da ƙarin girma babu ajin da zai koya min shi, nan za ka san dokar da ta kafa jami'arku ciki da waje, ka san inda za a kai ku kotu a kayar da ku saboda ba a ba mutum damar kare kansa ba. Ka roƙa a riƙa zagayawa da kai, ka zauna a ofishin akadamik, ka zauna a establishmen (ofishin harkokin ma'aikata), ka zauna a ofishin kansil, kar ka yarda a bar ka a fakwalti ɗaya shekara takwas.

Amma ba cewa nake kar ka yi ba. A intabiyuna na biyu mu shida ne, huɗu daktoci, kuma na ga yadda farfesoshin da ke kan tebur suke sassauta murya in suna magana da su. Ka yi, amma ka yi shi a gida kana aikinka. Batun EdD kuma, yawancin 'yan kansil ba su damu da haruffan ba, Dakta kawai za su gani a gaban sunanka. Kar kuma ka sa rai da TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu), kuɗinsu na ƙaro karatu na malamai masu koyarwa ne.

Abu_Hanan:
Hajiya ta gama magana. Ni yanzu haka ina PhD a fannin gudanarwa da tsara ilimi, ana yinsa a ABU da BUK da Danfodiyo duk, ba zan faɗi inda nake ba saboda abin da zan ce lol. Na shiga da niyyar shekara uku yanzu ina ta shida, yajin aikin 2022 kaɗai ya cinye min wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sai supabaizana ya tafi hutun sabatikal babi na uku ya kwana a hannunsa kusan shekara, in na kira ya ce in ƙara haƙuri. Kuma ka sani kwasakwasan sun fi karkata ga firamare da sakandare, maganar hedimasta da firinsifal da sufeto, to kai ne za ka ja kundinka ya koma kan jami'a. Tun kafin ka sayi fom ka je sashen ka tambayi ɗalibai wane malami ne yake sallamar mutane da wuri, wannan ya fi sunan jami'ar muhimmanci wlh. Wasu abokan aikinmu Maleshiya suka tafi suka gama a shekara uku zuwa huɗu amma da canjin dala na yanzu sai mai ƙarfi.

Sarkin_Gardama:
Duk wahalar banza ce, ko dakta goma ka tara VC, wato shugaban jami'a, dai farfesa ne kuma shi zai juya ka yadda ya so.

Malam_Boston:
Sarkin gardama a Najeriya haka ne, farfesa ake ba VC, zango ɗaya na shekara biyar, shi ma rajistara biyar ɗin ne. Amma a Amurka ba dole ba ne, Mitch Daniels tsohon gwamnan Indiana ne ya zama shugaban jami'ar Purdue a 2013, Janet Napolitano ma daga ministar tsaron cikin gida ta koma shugabar jami'ar Kalifoniya a shekarar, shi ya sa EdD ke da kasuwa a can, mutum zai iya tasowa ta ofishin kula da ɗalibai har ya shugabanci kwaleji. Kuma shi mai tambaya ai bai ce VC yake nema ba.

Dan_Rajistiri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa maganar Amurka, zan leƙa sashen ilimi in yi binciken da Abu Hanan ya ce. Hajiya ranki ya daɗe saura tambaya ɗaya, tunda mastana ba ta ilimi ba ce za su karɓe ni kai tsaye ko sai na fara yin PGDE, wato difilomar ilimi ta gaba da digiri? Kuma izinin karatu gara in nema tun yanzu ko sai admishan ya fito?

Hajiya_DR_mai_ritaya:
Na PGDE ka tambayi makarantar gaba da digiri ta inda za ka nema, kowace jami'a da sharaɗinta. Izini kuwa a rubuce, ta hannun shugaban sashenka zuwa ga rajistara, kuma kar ka biya ko kwabo na rajista sai amsa ta fito ka ajiye kwafi a gida. Na ga wanda ya gama karatunsa tsaf aka ƙi saka masa satifiket ɗin a fayil saboda babu wannan takardar.