Firaima: me za mu kira ta da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa yaran gareji 'yar takardar koyon fentin ƙarfe, irin bamba da keriya da masu walda ke haɗa wa Hilux da Land Cruiser masu shiga daji da sahara. Tsatsa, samfefa, tina, feshi, duk sun zauna daidai. Firaima ce ta gagare ni. Na rubuta "fentin farko", amma raina bai kwanta ba.

Mai fenti, Panteka ta Kaduna: Wa alaikumus salam, Malam. Goge "fentin farko" ɗin nan, zai ɓata maka yara. Yaro zai ɗauka duk abin da ya fara fesawa shi ke nan, ya ɗauko baƙin fenti ya watsa wa tsuran ƙarfe, damina ɗaya ya hau ɓarewa. Aikin firaima biyu ne: ta kama ƙarfe domin fenti ya kama ta, sannan ta tare ruwa. Kuma tun kafin a zo kanta ake yin kuskure. Sabon ƙarfe da maiƙo yake zuwa, da wani baƙin ɓawo na masana'anta. Maiƙon ake fara wankewa da tina, don in ka sa samfefa tukuna ka cusa shi ciki. Sai samfefa lamba 80, a bi da 180, a kankare tartsatsin walda, a sake gogewa, kada hannu ya ƙara taɓa wurin. A fesa a ranar. Ka bar shi ya kwana cikin raɓa, da safe ka tarar ya yi jaja-jaja.

Mai walda, Ƙofar Ruwa: Oga, mu nan jan fenti muke cewa, kowa ya gane.

Mai fenti: Na ƙyauren gida da tagogi kake nufi, ƙanena. To mai ruwan toka fa, ko baƙa? Suna da ya rataya a kan launi ba zai kai mu ko'ina ba.

Direba, Agadas: Wajenmu antiruy ake cewa, daga Faransanci, wato mai hana tsatsa. Sai in ce "makarin tsatsa". Amma gaskiya a hanyar Dirku ba ruwa ke cin fenti ba, rairayi ne da tsakuwa. Abin da bai kama ƙarfe da kyau ba, iska ma ta ishe shi.

Malamar Hausa: "Makarin tsatsa" ya yi daɗin faɗi, sai dai rabin aikin ya ɗauka, Alhaji direba ma da kansa ya nuna haka. Kuma ana fesa wa alminiyam firaima, alhali ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Ina ganin "shimfiɗa". Mai wa'azi yana shimfiɗa kafin ya shiga magana, marubuci ma haka. Abu ne da ake fara ajiyewa don wani ya hau kansa.

Mai walda: Malama, ai shimfiɗa naɗe ta ake yi da safe. Wannan kuwa in ta ɗago an yi asara.

Malamar Hausa: Ta tabarma kake tunawa, Malam. Kwaltar da aka shimfiɗa a titi wa ya taɓa naɗe ta?

Mai fenti: Malama ta kayar da kai. Na karɓi "shimfiɗar fenti", da sharaɗin a raba ta kashi-kashi, don ba ɗaya ba ce. Wadda ke da ɗan asid a ciki, tana cin fuskar ƙarfe ta maƙale, a ce "mai cizo". Siririya ake fesa ta. Ifoksi, da ake gauraya gwangwani biyu, a ce "mai haɗi biyu". Ita ce ke toshe ruwa sosai, ita zan sa wa bamba da ƙarƙashin mota. Mai kaurin nan da ake gogewa don ta rufe zanen samfefa, a ce "mai ciko". Wannan tana shan danshi, ba a barin mota ta yi ta yawo da ita babu fenti a sama.

Mai tambaya: Madalla, Allah ya saka da alheri. Na rubuta: shimfiɗar fenti, mai cizo, mai haɗi biyu, mai ciko. Zan ambaci firaima sau ɗaya a farko, tunda da wannan sunan za su tambaya a shago.

Mai fenti: Ƙara musu layi ɗaya, Malam: ba a shafa foti, wato abin cike loɓawar jikin mota, a kan mai cizo, ba ya kamawa. A kan tsuran ƙarfe ko mai haɗi biyu ake sa shi.