Neman shawara: an canza ma aikina suna da dokar da ban taɓa gani ba

Ɗiyar Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku yi haƙuri da tsawon saƙon, abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Wata takwas ke nan ina cikin wani aikin haɗin gwiwa a intanet, irin wiki ɗin nan da kowa ke iya shiga ya rubuta, namu na gatana ne amma ba gatanar kanta muke rubutawa ba, zubinta muke tarawa, wato abubuwan da ke maimaituwa daga wannan gatana zuwa waccan. Kamar yadda Gizo ke ƙaryar ciwo don ya cinye abinci ya bar Ƙoƙi, ko Dodo da ke tare ruwa sai an ba shi budurwa. Kowane zubi da shafinshi da sunanshi, a ƙasa sai a faɗi inda aka ji shi da bakin wanda aka ji.

Ni kaɗai na rubuta shafi 43, kusan duka daga bakin kakata, bayan isha nake ɗaukar ta vokal don ba ta yarda ta yi gatana da rana, in dare ya yi nisa in sa forfe na intanet na dala ɗari in zauna in rubuta. Akwai shafi guda da na fi so, na ƴan mata biyu da ke bin hanya ɗaya, ta farko ta iske tsohuwa a bakin ruwa ta ce mata ɗiyata cuɗa mini baya, ta cuɗa da ladabi aka ba ta ƙwai ta fasa ta samu arziki, ta biyun ta bi sawu don kwaɗayi ta zagi tsohuwa, nata ƙwan ya fashe da masifa. Na sa ma shafin suna "Cuɗa mini baya" saboda a gidanmu haka yara ke roƙonta, Kaka a yi mana Cuɗa mini baya.

Ranar litinin na shiga na iske wani admin ya maida sunan "'Yar Bora da 'Yar Mowa", kuma duk inda na rubuta gatana ya goge ya sa tatsuniya. Bai yi mini magana ba. Na maido sunana, ya sake canzawa, na maido, ya canza, a na uku sai ya yi mini bloke, wato ya rufe ni, na kwana bakwai wai na karya doka biyu, ba a sa ma zubi suna da maganar da wani ya faɗa cikin labari, kuma ba a warware aikin admin fiye da sau biyu. Na ce ina dokar take? Sai ya turo mini kaptir na wata hira da su biyar suka yi a gurup ɗinsu na admin tun 2022. Wallahi babu ita a shafin farko, babu ita a wajen rijista, babu ko'ina da ni zan iya gani. Kuma sunan da ya sa bai ma dace ba, a gatanar kakata babu kishiya sam, ya da ƙanwa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu zuciyata na ce mini in bloke ya ƙare in goge shafukana 43 in fita. Me kuke gani?

Mushe na Magarya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Magana biyu ce kika haɗa, ta suna daban ta doka daban, bari in tsaya kan suna don nan na fi sani. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, mutumin yana da hujja rabi. Mu a wajenmu wannan zubin a gatanar Ruwan Bagaja muka san shi, yarinya aka aika wankin ƙirgi, ta shiga wani ɗaki ta iske cinya da kare, cinya na gurnani kare na fassara mata, aka ba ta ƙashi da ƙwayar shinkafa guda ta dafa ba ta raina ba, daga baya aka ce ta zaɓi ƙwai. Babu tsohuwa babu cuɗar baya ko kaɗan. To in ɗalibina ya shiga yana neman wannan zubin, ta yaya zai san "Cuɗa mini baya" zai nema? Sunan na wanda ya ji irin ta gidanku ne kawai. Amma nashi sunan ma ciwon guda ne, ya ɗauko daga irin da ake da kishiyoyi ya bar irin taku waje, wata ma marainiya ce da matar uba. In kuma aka ce a sa Ruwan Bagaja, duk wanda ya yi lakkwal, wato makarantar boko, zai ɗauka littafin Abubakar Imam ake nufi, wanda labarinshi daban ne.

Wannan rigimar masu nazarin tatsuniyoyin duniya sun sha ta tun da daɗewa. Wani mutumin Finlan, Antti Aarne, a 1910 ya fara jera zubin tatsuniyoyi yana ba kowane lamba, Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa aikin a 1928 da 1961, Hans-Jörg Uther na Jamus ya sake gyara shi a 2004. A cikin jerin nan zubin da kike magana shi ne lamba 480, na yarinya mai kirki da marar kirki. Abin lura, ana iya gyara suna amma lambar na nan inda take, kuma sunan da suka sa bai ɗauko maganar kowa ba bai ɗauko kishi ba, halin yaran biyu kawai ya faɗa, shi ne abin da duk ire-iren suka yi tarayya a kai. Shawarata ku ba kowane shafi lamba taku ta gida, a ƙarƙashi a jera duk sunayen da ake kiranshi da garin da ake kiran. Sunan kakarki ya zauna, na admin ya zauna.

Hajiya ta Zango:
Ɗiyata kar ki goge komi, na roƙe ki. Ba aikin admin za ki goge ba, muryar tsohuwa ce. Ni tawa kakar ta rasu ban riƙe komi nata ba sai ƙurunƙus kan kusu da ɗan abin da ba a rasa ba, yau jikokina na roƙona gatana ina kame-kame. Ki bar fushin ya kwana. In yaron nan cikin Damagaram yake a nemi wanda yake jin nauyi ku zauna, abin da baki zai kashe cikin minti goma waya sai ta ja shi wata guda.

Ɗan jami'a:
Yaya sannu da haƙuri. Ni maganar doka ce ta fi ci mini rai, don hukunci da dokar da ke aljihun mutum biyar ba hukunci ba ne. Ina ɗan rubutu a Wikipedia, a ta Ingilishi akwai doka kusan irin wannan, ba a yarda ka warware gyaran wani fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya ba, amma a rubuce take a fili kowa na iya karantawa, ta hau kan admin kamar yadda ta hau kan kowa, kuma a al'ada sai an ja ma sabon shiga kunne kafin a rufe shi. Kowane shafi kuma yana da wajen tattaunawa a bayanshi, can ake jayayyar suna, ba a kan suna kanshi ba. Akwai kuma TV Tropes, wiki ne da aka fara a 2004, aikinsu irin naku ne sak sai dai su fim da littattafai da wasanni suke bi. Sun canza sunaye da yawa waɗanda tun farko aka ɗauko daga sunan wani mutum na cikin labarin fim, saboda wanda bai kalli fim ɗin ba baya ganewa, amma sai an kawo maganar gaban jama'a an tattauna, kuma sau da yawa tsohon sunan ba ya ɓacewa, in ka rubuta shi yana kai ka sabon shafin.

Don haka in ni ne ke, ba zan fara da roƙon a maido sunana ba, in kika fara da nan za a ce son kai ne. Ki rubuta musu su biyar ɗin gaba ɗaya ba shi kaɗai ba, ki ce a fito da dokokin duka a kafe su a shafin farko da kwanan watan da aka yi kowace, a ɗage bloke tunda ba a taɓa nuna miki dokar ba, sannan duk canjin suna a sanar kwana bakwai kafin a yi. Wani abu kuma, kafin ki yi tunanin gogewa ki duba sharaɗin da kika amince da shi ranar rijista, a Wikipedia dai abin da ka rubuta ka ba jama'a ke nan ba ka iya janyewa, in naku haka yake ko kin goge da dannawa ɗaya za su maido, ke kuma a ce kin yi ɓarna. Ki kwafe rubutunki duka ki aje a wayarki da wani wuri, vokal ɗin Kaka ma haka.

Mai shago, Kasuwar Dole:
Ni zan ɗan saɓa ma jama'a. Shekara huɗu ina riƙe da gurup na ƴan kasuwa, wanda bai riƙe jama'a ba bai san wahalar ba. Na rubuta doka na kafe a sama, duk wanda ya shigo na tura mishi, walle ko kashi ɗaya cikin goma ba su karantawa, ranar da ka hukunta mutum ya ce bai gani ba. Ban ce admin ɗinku ya yi daidai ba, dokar da ba a fito da ita ba laifinsu ne ba naki ba. Amma ke ma malama sau uku kina maido suna ba ki tsaya kin ce mishi malam me ya sa ba, shi ma yana can yana ganin raini ne. Mutanen nan ba biyansu ake ba, da forfensu suke aikin kamar ke. In za ki rubuta musu ki fara da amsa naki kuskuren, za ki ga yadda sauran maganar za ta shige.

Ɗan jami'a:
Alhaji gaskiya ne mutane ba su karantawa, amma in tana kafe ka ce ga ta nan ya yi shiru, in ba ta kafe kai ne za ka yi shiru. Kuma ai ba a shafin farko kawai ake sa ta ba, dokar suna a sa ta daidai wajen da mutum ke rubuta sunan sabon shafi, layi biyu, ba yadda za a yi ya tsallake.

Malama mai koyar da Hausa:
Ba wanda ya taɓa maganar gatana da ta 'y ɗin da admin ya sa a sunan maimakon ƴ, ni kuma nan ya fi tsaya mini. A Nijar tun ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999 ƴ mai lanƙwasa muke rubutawa, a Najeriya 'y suke sawa, duka biyun ƙa'ida ce ba wanda ya yi kuskure. In wikin na Hausawan ƙasashen biyu ne dole a zauna a zaɓi guda don suna, ɗayar a sa ta riƙa kai mutum wuri guda, in ba haka ba mai neman ƴar ba zai samu 'yar ba, na'ura ba ta san abu ɗaya ba ne. Amma goge gatana a sa tatsuniya cikin maganar da aka ɗauko daga bakin tsohuwa, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Aikin fa na adana abin da mutane ke faɗa ne. In ta ce gatana a bar mata gatana, yadda take buɗewa da ga ta nan ga ta nanku da yadda yara ke amsa mata duk a bar su yadda suka fito, bayanin da ke sama shi ne za a iya daidaitawa. Ki sa wannan cikin takardarki ƙanwata, ki ce a raba maganar mai ba da labari da maganar mai rubutu.

Ɗiyar Birni:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Hajiya ba zan goge ba in sha Allah. Alhaji maganarka ta yi mini zafi da farko amma gaskiya ce, ban tambaye shi ba sai da ya rufe ni, da ita na buɗe saƙon da na tura musu ɗazu, sannan na bi tsarin da ɗan uwa na jami'a ya faɗa na ƙara da maganar Malama.

Mushe, bayan magariba na tambayi Kaka ko ta san ta cinya da kare, ta ce ta sani mana, wai ita a wajenta gatana biyu ce daban ba a haɗa su, ta kuma ce uwarta mutuniyar Mirya ba ta taɓa kiran tamu Cuɗa mini baya ba, Ƙwan tsohuwa take cewa, mu jikoki ne muka laƙa mata wancan. To ga suna na huɗu ya fito daga cikin ɗakinmu, kuma ga sabuwar tambaya, in mai gatanar ta ce biyu ce mu muka ce zubi ɗaya ne, shafi guda za a yi ko biyu? Wannan ban san yadda zan yi da ita ba, in kana da abin cewa ina saurare.

Cikin su biyar mutum ɗaya ya amsa zuwa yanzu, ba wanda ya rufe ni ba, ya ce dokokin sun kai goma sha ɗaya amma a warwatse suke cikin tsohuwar hira sai ya bi ya tattaro, bloke kuma bai iya ɗagewa shi kaɗai. Maganar lamba ya ce ta yi mishi, sai dai shafukan sun haura ɗari uku ba mai lokacin bi. Na ce ni zan fara da nawa 43. Wanda ke cikin gari yana da kwamfuta kuma yana da hali ranar asabar da la'asar don Allah ya yi mini magana ta gefe, da waya aikin ba ya sauri.