Abin da manoman lambu suka tsayar kan ruwan kwata da takin bola

Da la'asar, a gindin darbejiya wajen Ƙofar Marusa a Katsina, aka yi ta ja-in-ja kan ban ruwa da ruwan kwatar gari. Wani dattijo ya ɗaga damin alayyahu kore shar, ya ce wannan ne mai guba? Malamin gona ya ce masa, Baba, ido ba ya ganin dalma. Ita da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba irinta, ba sa ruɓewa kamar taki, a ƙasa suke taruwa, ganye ya zuƙe su. Wanki yana cire laka, amma abin da ya shige ganyen ko tafasa ba ta fitar da shi. Nan aka tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010, kowa ya yi tsit.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a tsince tsofaffin batura, masu ɗauke da irin waɗannan ƙarafa, daga takin bola kafin a watsa, a guji kwatar da ta biyo ta garejin makanikai. Mai hali ya haƙa rijiya. Inda ƙasa ta daɗe tana shan kwata, a rage alayyahu da salat, gara tumatir ko masara. Batun kai ƙasa gwaji kuwa, sai an yi karo-karo.